Kai yara kallon namun daji a Yuganda, mota da jirgin ruwa: wa ya taɓa zuwa?

Abu Safwan (Jidda):
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, amma dan Allah daga wanda ya je da ƙafarsa ba wanda ya gani a YouTube ba. Ina so in an samu hutun makaranta in fita da uwargida da yara zuwa Yuganda, gandun dajin Murchison, inda ake shiga daji da mota da sassafe sannan da rana a hau jirgin ruwa a bi kogin Nilu har kusa da inda ruwan yake zubowa daga kan dutse. Yaran nan duk a Jidda aka haife su, in ka cire raƙuma da birran nan na hanyar Hada in za mu Ɗa'if, babu wata dabba da suka taɓa gani a sake tana harkarta, komai sai a keji ko a waya. Ni kuma a bakin ruwa na tashi kusa da Maiurno a Sudan, abin yana damuna wlh. Kwana nawa ya isa? jirgin ruwan babu hatsari ga yara? ya maganar abinci da sallah?

Hajiya Ummu Bilal (Makka):
Wa alaikumus salam. Abu Safwan kai ɗana ne shi yasa zan faɗa maka gaskiya, a wannan halin da ƴan'uwa suke ciki a Sudan, wasu a makarantu suke kwana wasu abincin yini ɗaya yana gagararsu, kai kuma ka kwashi riyal ka tafi kallon giwa? Kuɗin tikitin jirgin mutum ɗaya in ka tura ta Bankak, manhajar bankin nan ta Sudan, gida nawa zai riƙe? Ni dai abin bai kwanta min ba. Kuma dorina ba abin wasa bace, mun sha jin ta kifar da kwale-kwale.

Abu Safwan (Jidda):
Hajiya maganarku tana kan hanya kuma na karɓa da hannu biyu. Abin da nake turawa gida duk wata ba zan taɓa shi ba insha Allah, wannan kuɗi ne daban da muka daɗe muna tarawa ni da ita saboda yaran.

Nasiru (Kampala):
Yaya Abu Safwan ni ina nan Kampala tun da muka fito daga Madani ta Sudan, kuma na je wurin, bari in baka yadda yake dalla dalla. Daga Jidda mafi sauƙi ka bi ta Addis Ababa ka sauka Entebbe, filin jirgin a bakin tafkin Biktoriya yake, kilomita kamar 40 zuwa Kampala. Daga Kampala zuwa dajin wajen kilomita 300 ne ta Masindi, ka ƙiyasta awa biyar zuwa shida, kuma ku bar gari kafin gari ya waye saboda cunkoson Kampala sai ya ci maka awa biyu baka je ko'ina ba. A hanya akwai wani wuri Ziwa a yankin Nakasongola, nan ne ake kiwon karkanda, da ƙafa ake zuwa wurinsu tare da mai gadin daji. Ku tsaya nan don a cikin Murchison ɗin babu karkanda, an kashe su ƙaf a ƙasar tun farkon shekarun 1980, sai a 2005 aka fara dawo da su nan Ziwa. Jakin dawa ma babu a Murchison, kada ka yi wa yara alkawarinsa, shi sai ta wajen tafkin Mburo ko Kidepo.

Bayan Masindi za ku ratsa dajin Budongo mai manyan itatuwa, sannan ku fara zuwa saman mazubar ruwan. Yaya a nan ne bakina ya mutu. Kogin Nilu yake matsewa ya bi ta wani tsagi na dutse da faɗinsa bai wuce mita 7 ba, ya faɗa ƙasa mita 43, ƙasan da kake tsaye a kai tana rawa, feshin ruwa yana jiƙa ka, wanda yake kusa da kai sai ya ɗaga murya kafin ka ji shi. Riƙe hannun ƙananan sosai a wurin, dutsen da santsi.

Dabbobin sun fi yawa a tsallaken arewa, da ana ƙetarawa da feri a Paraa yanzu an yi gada. Ƙarfe shida da rabi ake fita da Land Cruiser ɗin nan mai rufin da ake ɗagawa, fili ne shimfiɗaɗɗe da giginya ta ko'ina, maraya da kanki ba a ƙirga su, ɓauna garke garke da balbela a bayansu, gadu yana gudu da wutsiya a tsaye, raƙumin dawa kuwa har sai kun gaji da ɗaukar hoto. Zaki sa'a ne, wani ya gani ranar farko wani ya yi kwana biyu bai gani ba, duk direban da ya ce maka dole sai kun ga zaki ƙarya yake yi. Kwana uku daga Kampala zuwa dawowa ya isa, in da hali ka mai da shi huɗu saboda yara kada su galabaita.

Ɗan Bauchi (Dammam):
To ni tambayata, me zai kai mutum har Yuganda alhali ga Yankari? Tun 1956 aka keɓe dajin, akwai giwa akwai ɓauna akwai gwanki, ga ruwan Wikki mai ɗumi digiri 31 rani da damina yara su yi ta wanka, ga abinci namu ga Hausa ko'ina ba sai ka nemi tafinta ba. Mu riƙa tallata namu mana.

Nasiru (Kampala):
Ɗan Bauchi ba raina Yankari nake ba, amma shi abin da ya tambaya har da jirgin ruwa, kuma a nan bambancin yake. A mota kai kake bin dabba kana neman ta, ƙura na tashi, da ta ji ƙarar inji ta juya maka baya. A ruwa kuwa su suke zuwa, dole su sha. Jirgin yana tashi daga Paraa wajen ƙarfe biyu na rana, kilomita kamar 17 ne zuwa gindin mazubar, zuwa da dawowa awa uku. Ba kwale-kwale bane irin wanda Hajiya take tsoro, jirgi ne mai inji da rumfa, wani ma hawa biyu ne, kuma ana bada rigar nan mai hana nutsewa. Tun baku yi nisa ba za ku fara ganin dorina, daga nesa kamar tukwane ne aka kife a ruwa sai kunne kawai yana motsi, sai ka ji ɗaya ta yi wani irin gurnani sauran su amsa. Kadoji a kan yashi sun buɗe baki suna shan iska, akwai wanda tsawonsa ya kai mita huɗu ko fiye. Giwa da ƴaƴanta suna saukowa, uwar ta sa ɗan a tsakiya, ka ga yana koyon yadda ake sha da hanci bai iya ba tukuna. Duk wannan kana zaune ne a inuwa, yaro ɗan shekara biyar ma zai gani sarai, ba kamar mota ba da sai an ɗaga shi.

In kun kusa, ruwan sai ya fara kumfa fari fat, jirgin kuma baya kaiwa gindin saboda ƙarfin ruwa, daga ɗan nesa yake tsayawa. Gaskiya daga ƙasa mazubar bata kai yadda take daga sama ba, shi yasa nace ku yi duka biyun.

Ummu Rayyan (Riyad):
Ni a asibiti nake aiki bari in sa baki ta ɓangarena. Na farko katin rigakafin shawara, ana iya tambayarsa a filin jirgin Yuganda, kuma allurar sai ta kwana goma kafin a ɗauke ta a matsayin mai aiki, kada ka bari sai ana gobe tafiya. Na biyu kuma shi ya fi damuna, maleriya. Mu da muka tashi a gida muna ganinta kamar ba komai ba, amma yaron da aka haifa a Jidda jikinsa bai santa ba sam, in ta kama shi tana iya yin tsanani cikin kwana biyu. Ku je wurin likita ya rubuta muku maganin kariya daidai nauyin kowane yaro, a fara kafin tafiya a ci gaba bayan an dawo, ku kwana cikin gidan sauro, kuma in kun dawo duk wanda ya yi zazzaɓi ko bayan sati uku ne ku gaya wa likita inda kuka je, don a nan ba kowane likita hankalinsa zai kai kan maleriya ba. Ku ma manyan da kuka daɗe a nan kada ku ce kun saba, sabon yana gushewa. Sannan akwai ƙudan tsando a dajin, yana bin baƙi da shuɗi mai duhu, sai Ummu Safwan ta nemi abaya mai ruwan ƙasa ko toka na kwanakin.

Baffa Ummaru (Sinja):
Salamu alaikum ƴaƴana. Jikana ne ka rubuta min ina faɗi. Na ji kuna ta zancen ƙasar wasu, babu wanda ya ambaci gandun dajin Dinder na nan Sudan, alhali ga ta nan bayan gidanmu. Turawa sunka keɓe ta tun 1935, faɗinta ya kai murabba'in kilomita dubu goma, har iyakar Habasha. Mu da munka tashi bakin kogin Dinder muna su muna noman gaɓa, ba mu san wani abu wai shi zuwa kallon namun daji ba, su ne maƙwabtanmu. Da rani kogin yana tsayawa, sai yashi fari da tafkuna nan da can, sai kuma mayoyi, watau fadamun da ruwa ka kwantawa cikinsu bayan damina, irin su Ras Amir. Duk abin da ke da rai cikin dajin nan sai ya zo maya ya sha. Na ga ɓauna sun cika fadama har ba ka ganin ƙasa, na ga kwanta-rafi da gwambaza, jimina tana kiwo da ƴaƴanta, zabi kuwa ba a magana. Da dare a Galagu kana jin zaki kamar a bakin bukka. Raƙumin dawa na gan shi da idona ina saurayi yana cin ganyen ƙaya, yau babu ko ɗaya, tun shekarun 1980 ya ƙare. Giwa da takan shigo daga wajen Habasha ita ma sai labari.

Don haka Hajiya, ki yi haƙuri, ni ina bayan yaron ga. Mu munka ɗauka abin nan ba ya ƙarewa, ba mu kai ƴaƴanmu sun gani ba don muna cewa yana nan, sai gashi jikokina raƙumin dawa a littafin makaranta sunka san shi. In Allah ya hore mashi ya kai su su gani.

Hajiya Ummu Bilal (Makka):
Baffa ina wuni, ya ƙarfin jiki, ya kuka ji da komawa gida? Allah ya ƙara lafiya. Ni ban ƙi a gani ba, lokacin ne nake ganin bai dace ba. Me zai hana ya jira abubuwa su lafa ya kai su Dinder ɗin, su ga dangi su ga ƙasar ubansu gaba ɗaya, kuɗin ma ya shiga hannun mutanenmu?

Tijjani (Gadarif):
Hajiya Dinder ba wurin kai yara bane yanzu, garin Dinder kansa an gwabza a cikinsa a 2024, ya faɗa hannun dakarun Da'am Sari (RSF) wajen watan Yuli sojoji suka karɓe shi a Oktoba, mutane suna ta gyaran gidajensu ne tukuna. Ko lokacin lafiya ma da rani kaɗai ake shiga, kamar daga Disamba zuwa Afrilu, da ruwa ya sauka baƙar laka ce ko tarakta sai ta kafe. Kuma babu zancen jirgin ruwa a can tunda lokacin da hanya ta buɗe shi ne lokacin da kogi ya ƙafe.

Amma Baffa da izininku akwai abin da ban yarda da yadda ake faɗinsa ba. Duk sanda aka tashi zancen ƙarewar dabbobin Dinder sai a ce makiyaya ne da mafarauta da masu gawayi, a tsaya nan. Wa ya tura makiyayan ciki? Manyan gonakin inji ne da aka yi ta yankawa daga nan Gadarif har Sinnar da Damazin, aka cinye burtali aka cinye makiyaya, mai shanu ya taso da rani ya duba gabas dawa da riɗi, ya duba yamma haka, inda ya rage da ciyawa da ruwa shi ne cikin gandun. Ya bar shanunsa su mutu don ɓauna ta rayu? Dabbobin ma da kansu da damina fita suke daga gandun zuwa tudu, wuraren da suke zuwa ɗin su ne aka mai da gonaki. Ni manomi ne, da gonar injin nake ci, amma gaskiya ɗaya ce.

Baffa Ummaru (Sinja):
Tijjani ɗana ba ka faɗi ƙarya ba. Sai dai ka ƙara da bindiga. Da mutum da mashi da tarko yake farauta, ya kashe ɗaya ya ci da iyalinshi. Da bindigar yaƙi ta yawaita hannun mutane sai anka koma yin kilishi buhu buhu ana kaiwa kasuwa. Kuma shanu in sun shiga maya da dubbansu tattake ta suke, su kawo ciwo, bara ga ruwa bana ta cike da ƙasa.

Abdulƙadir (Madina):
Maganar bindiga gaskiya ce kuma ba Sudan kaɗai ba. Zakuma ta Cadi a 2002 giwayenta sun kai wajen 4,000, zuwa 2010 saura kamar 450, mahaya dawaki ne suke zuwa da bindigogi saboda haure. A shekarar ne gwamnatin Cadi ta damƙa wa ƙungiyar kula da gandun daji ta African Parks kula da wurin, aka gyara tsaro aka jawo mutanen ƙauyukan kewaye ciki, giwayen suka koma haihuwa. Ita kanta Murchison ɗin zamanin Idi Amin da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya giwayenta daga dubbai suka koma ɗaruruwa, ga ƴan tawayen Kony da suka addabi arewacin ƙasar shekara da shekaru, amma yau gashi Nasiru yana bada labarin giwa da ƴaƴanta a bakin ruwa. Shi yasa ni ban fid da rai da Dinder ba, har yanzu da zaki da ɓauna a ciki, kuma UNESCO ta sa ta cikin jerinta na wuraren kare halittu tun 1979. In an samu zaman lafiya aka kuma raba wa makiyayi inda zai bi, za ta farfaɗo.

Tijjani (Gadarif):
Allah yasa. Amma in za a farfaɗo da ita a fara da mutanen ƙauyukan bakin Rahad da Dinder, Hausawa da yawa a cikinsu, su ne ɓauna da gwaggon biri suke cinye wa gona. In ɗan ƙauye bai ga ko fam ɗaya daga kuɗin masu zuwa kallo ba, kada a yi mamaki in ya ɗana tarko.

Nasiru (Kampala):
A nan dokarsu kashi 20 cikin ɗari na kuɗin shiga gandu ana mayar wa ƙauyukan da ke kewaye, ana yin aji ko rijiya da shi. Ba wai ya kashe matsalar bane, har yanzu ana cire tarkon waya a Murchison, ni da kaina na ga giwa guntun hanci, jagoran ya ce waya ce ta yanke shi. Sannan akwai aikin haƙar man fetur na TotalEnergies a cikin gandun ta arewa, an shimfiɗa kwalta ta ratsa daji, manyan motoci suna wucewa. Tafiya ta yi sauƙi ba ƙarya, amma raina bai so ganin tirela a inda raƙumin dawa yake tsallaka hanya ba. Wannan ma yana cikin abin da yasa nake cewa Yaya ya zo yanzu.

Hajiya kuma ga wata magana da nake ganin za ta kwantar miki da hankali. Sansanin Kiryandongo inda aka sauke mutanenmu da suka gudo daga Sudan yana wajen Bweyale a kan hanyar Gulu, ba shi da nisa da gandun ta ɓangaren Karuma. Ƙanen babana yana can da iyalinsa. In Yaya ya zo sai mu ware yini guda mu biya, ya kai abin da ya sawwaƙa hannu da hannu, yaran su gaisa da ƴan'uwansu su ga yadda ake rayuwa a tanti. Ziyara ta samu kallo ya samu.

Hajiya Ummu Bilal (Makka):
To in haka ne kam na saki. Abu Safwan in ka tsai da rana ka sanar dani, akwai kayan yara da dabino da zan haɗa, kuma zan yi wa matan unguwarmu magana.

Malam Ishaƙ (Madina):
Barakallahu fikum. Game da tambayar sallah, tafiyar ta wuce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba, sai ku yi ƙasaru, kuma ranar jirgin ruwa tunda ana tashi wajen biyu a dawo wajen biyar kuna iya haɗa azahar da la'asar kafin ku hau. A cikin daji kada wani ya ce zai sauka daga mota ya shimfiɗa darduma inda ya ga dama, akwai wuraren da aka keɓe na sauka, ku tambayi jagora. Alwala kuma da ruwan gora, ba a bakin kogi ba, kada yana kwance a inda ba ka zato. Shi kuwa fita don ganin halittar Allah ba wasa bane in niyya ta gyaru, aya ta 20 cikin Suratul Ankabut umarni ne da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda Ya fari halitta. Sai dai a kiyaye israfi, kuma kada a ci bashi dominsa.

Sadiya (Jidda):
Ni tsoro na tsaro ne, ba a Yuganda bane aka kashe wasu baƙi masu yawon buɗe ido da direbansu?

Abdulƙadir (Madina):
An yi, Oktoban 2023, amma a gandun Queen Elizabeth ne can yamma kusa da iyakar Kwango inda ƴan tawayen ADF suke ɓullowa. Murchison tana arewa maso yamma, tsakaninsu tafiya ce mai nisa. Duk da haka kafin ya biya kuɗi ya bincika halin da ake ciki a lokacin. Queen Elizabeth ɗin ma tana da nata jirgin a mashigin Kazinga mai tsawon kilomita 32 tsakanin tafkin George da na Edward, wanda ya je ya ce dorinar can ta fi yawa a ido, amma da yara ni Murchison zan zaɓa.

Wani abu kuma da ya kamata a gaya wa yaran, sunan nan Murchison wani Bature ne Samuel Baker ya laƙaba a 1864, ta Khartum ya bi ya gangara, ya sa wa wurin sunan shugaban ƙungiyar masana ƙasa ta Ingila wanda bai taɓa taka wurin ba. Zamanin Idi Amin an mai da shi Kabalega, sunan sarkin Bunyoro da ya yi shekaru yana yaƙar Ingilishi har suka kama shi a 1899 suka kai shi tsibirin Seychelles. Shekara huɗu bayan nan aka yi yaƙin Burmi, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Mai Wurno ya wuce gabas da jama'a har aka kafa garin da Abu Safwan ya fito. Zamani ɗaya ne, abokin gaba ɗaya.

Abu Safwan (Jidda):
Wallahi wannan kaɗai ya isa darasi. Kuma ruwan da za su hau ɗin shi ne yake shiga tafkin Albert ya fita ya ratsa Juba ya zama Farin Nilu, ya wuce Kosti ya je Mugran a Khartum ya haɗu da namu Shuɗin da ya taso daga Habasha ya biyo ta Maiurno da Sinnar. Zan buga taswira in nuna musu tun kafin mu tashi. Nasiru saura abinci, da kuma wane wata ya fi.

Nasiru (Kampala):
Abinci a Kampala ba matsala, Musulmi suna da yawa kuma akasarin mahauta su ne, ga gidajen abincin Sudaniyawa sun cika gari yanzu har kisra da ful za ka samu, Juma'a kuma ku yi ta a babban masallacin Old Kampala wanda ake kira na Gaddafi. A cikin daji ne za ka yi hattara, masaukan na baƙi ne ana sayar da giya kuma wasu suna dafa alade, ka gaya musu tun wajen kama ɗaki, ko ku tsaya kan kifi da wake da shinkafa da capati, ayabarsu da ake dafawa matoke ma ba laifi. Kifin giwan ruwa da karfasa suna nan sabbi. Lokaci kuwa Disamba zuwa Fabrairu ya fi, rani ne ciyawa ta kwanta dabbobi sun taru bakin ruwa, sai dai zafi, amma wanda ya saba da Jidda ba zai ji komai ba. Yuni da Yuli ma ana zuwa. Afrilu da Mayu ruwa ne sosai.

Abu ɗaya da zan ja maka kunne, kada ka tura wa kowa kuɗi gaba ɗaya daga nan don ka ga shafinsa da hotuna masu kyau. Wani ɗan'uwa ya biya wani kamfani komai, ranar tafiya aka turo masa ƙaramar bas da rufinta baya buɗewa, kuma ashe kuɗin jirgin ruwa da na shiga gandu basa ciki, sai a bakin ƙofa ya sani. A rubuta maka komai: irin motar, man, kuɗin ƙofa na kowane yini, jirgi, masauki, abinci. Ka bada kafin alƙalami sauran sai ka ga mota da idonka.

Ɗan Bauchi (Dammam):
Na ji na yarda jirgin ruwan ba mu da irinsa, amma in kun dawo shekara mai zuwa sai Yankari, ni zan yi muku jagora da kaina.

Ummu Rayyan (Riyad):
Ka duba fasfo ɗin kowa ya zama da sauran wata shida aƙalla, da iƙamar yara (takardar zama a Saudiyya) kafin ka cire bizar fita da dawowa a manhajar Absher, kada ta ƙare kuna can. Bizar Yuganda ta intanet ake nema kafin a tashi.

Baffa Ummaru (Sinja):
Nasiru, akwai wani tsuntsu babba mai toka-toka, bakinshi faɗi gare shi, Larabawan nan suna ce mashi abu markub, mutanenmu masu zuwa su kudu can wajen Malakal sun sha ba mu labarinshi, ni ban taɓa ganinshi ba. Ance akwai shi nan?

Nasiru (Kampala):
Akwai shi Baffa, amma ba a hanyar mazubar ba, sai an ɗauki wani jirgin daban da safe an gangara yamma inda kogin yake shiga tafkin Albert, cikin fadamar nan mai dogayen ciyayi yake tsayawa shiru yana jiran gaiwa. Shi ma sa'a ne. Yaya in za ka ƙara wannan to kwana huɗun nan ya zama dole.

Abu Safwan (Jidda):
Na ƙara shi. Hutun tsakiyar shekara za mu nufa insha Allah, kwana huɗu a daji, yini ɗaya Kiryandongo. Nasiru zan kira ka bayan isha mu yi lissafi. Jirgin akwai inda ya fi a zauna ne ko duk ɗaya?

Nasiru (Kampala):
Ku je da wuri ku kama hagu, wajen tafiya gaɓar arewa yake bi kuma nan dabbobin suke. Ka sayo madubin hangen nesa ko biyu ne daga kasuwar Balad ta Jidda, a nan tsada gare shi, in ɗaya ne yaran faɗa za su yi ta yi a kai.